Masassaƙin da Ya Hana Shugaba Gurbi a Allonsa

A ranar 14 ga Yulin 1958 da sojoji suka kifar da sarautar Iraƙi, jama'ar Bagadaza sun yi wa mutum-mutumi biyu dirar mikiya. Ɗaya na Janar Maude ne, Baturen Ingilan da ya ci birnin da yaƙi a 1917, wanda aka ɗora bisa doki a gaban ofishin jakadancin Birtaniya. Ɗayan na Sarki Faisal na Ɗaya ne, shi ma bisa doki, aikin wani Ba'italiye mai suna Pietro Canonica. Duka biyun an kai su ƙasa. Bayan shekara 45, ranar 9 ga Afrilun 2003, duniya ta zuba ido a talabijin tana kallon yadda aka ɗaura wa na Saddam Husaini sarƙa a Dandalin Firdausi, motar yaƙin Amurka ta fizgo shi. Birni ne da ya saba kafa tagulla yau, gobe ya tumɓuke ta.

Amma a Dandalin Tahrir, bakin gadar Jumhuriyya, akwai wani dogon allon dutse ɗauke da siffofin tagulla da aka kafa tun 1961. Gwamnatin da ta biya kuɗinsa ta faɗi bayan shekara biyu, aka harbe shugabanta. 'Yan Ba'as sun zo sun same shi, Saddam ya zo ya same shi, Amurkawa sun zo sun same shi, duk sun tafi sun bar shi a tsaye. Yau ma hotonsa ne a jikin takardar dinari 10,000. Sunansa Nasbul Hurriyya, wato abin tunawa da 'yanci, wanda ya yi shi kuwa Jawad Salim ne, malamin sassaƙa a Cibiyar Koyar da Fasaha ta Bagadaza, wanda bai yi tsawon ran ganin an gama kafa shi ba.

Mun san akwai masu karatu da za su ɗaure fuska tun daga kan batun. A wajenmu mutum-mutumi da gunki 'yan gida ɗaya ne, kuma maganar malamai a kan surar abu mai rai sananniya ce. Shi ya sa shataletalen garuruwanmu suka fi ɗaukar ƙwarya da takobi da dagin Arewa, shi ya sa ma fitaccen mutum-mutumin Sarauniya Amina ta Zazzau a Legas aka kafa shi. Ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin da ya ja mu ga wannan mutum tambaya ce da ta shafi kowane mai fasaha, marubuci ne ko mawaƙi ko magini: idan mai mulki ya kira ka ya ce ka yi masa aikin da zai dawwama, me za ka ba shi, me za ka hana shi? Idan kuma ka koyar da yara sana'ar, me suke yi da ita bayan ba ka?

An haifi Jawad Salim a Ankara a 1919, inda aikin soja ya kai mahaifinsa, Muhammad Salim, hafsa a rundunar Daular Usmaniyya wanda ke zane a lokacin hutunsa. Gidan gaba ɗaya ya tashi da fenti a hannu: 'yan uwansa Su'ad da Nizar da Naziha duk sun yi suna a zane. Gwamnati ta tura shi Paris a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya kore shi zuwa birnin Rum, yaƙin ya sake biyo shi can, ya dawo gida a 1940 da karatu rabi da rabi. Sai bayan yaƙi, a 1946, ya tafi makarantar Slade a Landan, inda ya haɗu da Lorna, 'yar Ingila mai zane, wadda ya aura ya kawo Bagadaza.

Masu ba da tarihinsa sukan dogara da waɗannan birane uku. A ganinmu shekarun da yaƙi ya tsare shi a gida sun fi su tasiri. A lokacin ne ya fara koyarwa, a lokacin ne kuma ya yi aiki da Hukumar Kayan Tarihi, yana gyaran sassaƙe-sassaƙen Sumer da Assur da ake tonowa daga ƙasa. Wanda ya yini yana haɗa karyayyen kafaɗar dutse mai shekara dubu huɗu yakan san abin da mai kallo ta bayan gilashi ba zai sani ba: inda masassaƙin farko ya danna hannu, inda ya sassauta, abin da ya ga bai kamata ya ɓata lokaci a kai ba. Nan ya ga ƙananan hatimai na dutse masu siffar guntun kara, waɗanda ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu su bar jerin mutane da dabbobi a layi ɗaya. Mu riƙe wannan hoton, za mu sake cin karo da shi.

Abu na biyu da ya same shi a wannan zamani ya fi kusa da mu. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya kai ga littattafan lugga ya san Muƙamatul Hariri, ya san wahalar kalmominta da dabarun Abu Zaid. Abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba shi ne kwafin da Yahaya al-Wasiɗi ya rubuta da hannunsa a 1237, ya kuma ƙawata shi da zane-zanen ayarin raƙuma, da masu ganguna bisa dawaki, da alƙalai, da 'yan kasuwa, da mata a bakin ƙofa. Kwafin yana ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Hotunansa da Jawad ya gani sun rushe masa wani zato da Turawa suka shuka, shi ma ya ɗauka, cewa Bagadaza ta Musulunci ba ta taɓa yin zanen mutane ba, don haka duk Ba'iraƙen da ya ɗauki burushi baƙo ne a gidan wani. Ga shi ɗan ƙasarsu, shekara 700 kafin shi, ya zana titin garinsu da idon ɗan gari.

Daga nan aka samo tushen Ƙungiyar Bagadaza ta Fasahar Zamani, wadda ya kafa a 1951 tare da Shakir Hasan Al Sa'id, marubuci Jabra Ibrahim Jabra kuma ya zama bakinta a jaridu. Manufarsu ita ce neman ilhama daga gado, a haɗa da abin da aka koyo a Turai. Wannan magana yanzu ta zama ruwan dare, kowane taron adabi sai an maimaita ta, har ta daina cewa komai. Bambancin Jawad shi ne ya mayar da ita aikin hannu. A zane-zanensa na shekarun 1950, na yara masu wasa da masu sayar da kankana, ya ɗauki jinjirin wata ya mai da shi harafi: shi ne yankan kankana, shi ne gira, shi ne lanƙwasar hannu, shi ne bakin ƙofa. Ba ado ya liƙa a gefen hoto don a ce na gida ne ba, da shi ya gina hoton. Wanda ya san Picasso da Henry Moore zai ga sawunsu a ciki, kuma Jawad bai ɓoye ba.

A 1953 wata cibiyar fasaha a Landan ta shirya gasar duniya ta sassaƙa a kan taken fursunan siyasa da ba a san sunansa ba. Dubban masassaƙa suka shiga, Baturen Ingila Reg Butler ya cinye, amma aikin Jawad ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa aka nuna. Wannan fursuna bai bar shi ba. Ya sake fitowa a babban allon, bayan shekara shida.

Gwamnatin Abdulkarim Ƙasim ce ta nemi a yi abin tunawa da juyin 1958. Mai tsara gine-gine Rif'at Chadirji ya zana allon da kansa: shimfiɗaɗɗen dutse mai tsawon mita 50, an ɗaga shi sama bisa ƙafafu biyu, kamar ƙyallen da masu zanga-zanga ke riƙewa a kan sanduna. Jawad aka ba wa aikin rubutun da zai hau ƙyallen. Ya yi shi da tagulla, guda 14 saboda ranar 14 ga wata, ɗauke da mutane 25 da doki da sa. A lokacin babu maƙerar da za ta iya zuba tagulla mai wannan girma a Iraƙi, don haka ya tare a Florence ta Italiya, tsohon ɗalibinsa Muhammad Gani Hikmat yana taya shi.

Abu na farko da ya yi daidai shi ne bai tsayar da mutum a kan turke ba. Siffofin manne suke da bango, sun ɗan taso daga jikinsa, irin yadda maginanmu ke tayar da zane a fuskar zaure, irin kuma yadda Assuriyawa suka yi a bangon fadar Ninawa. Abu na biyu, ana karanta su daga dama zuwa hagu, kamar baitin waƙar Larabci mai hannu biyu da mahaɗa a tsakiya. Ga hatimin nan na gidan tarihi, an mirgina shi a sararin sama.

Daga dama doki ne ya ɗaga ƙafafun gaba ya murɗa wuya, ya yar da mahayi, mutane na kokawa da shi. Sai masu ɗauke da tutoci suna tafe. Sai wani ƙaramin yaro ya miƙa hannuwa. Sai mace lulluɓe cikin abaya tana kururuwa, sai uwa ta duƙa a kan gawar ɗanta, sai wata uwar ta naɗe jikinta ta kewaye jariri kamar gammo. Sai fursuna a bayan ƙarafa. A tsakiya soja ne, ya buɗe ƙafafu da hannuwa ya ɓalle ƙarafan kurkukun, faifan rana a bisa kansa. Daga nan 'yanci a siffar mace mai riƙe da tocin wuta, kamar ba ta taka ƙasa. Sai komai ya lafa: mata masu wakiltar Dijla da Furatu da dabino da zangarniya, manoma biyu jingine da shebur, sa, sai ma'aikaci tsaye a ƙarshen hagu.

Babu Ƙasim a ciki. An so a sa fuskarsa a tsakiyar allon, Jawad ya ƙi, kuma ƙin bai zo masa da sauƙi ba, domin mai biyan kuɗi ne ke nema, mai biyan kuɗin kuma da bindiga a hannunsa. A nan ne muke ganin sirrin daɗewar aikin. Da fuskar ta hau, da a Fabrairun 1963, ranar da aka kashe Ƙasim a ginin gidan rediyo, an sauke ta tare da duk abin da ke kewaye da ita. Da yake babu fuskar kowa, kowace gwamnati ta iya cewa ita ake nufi, kowane mai adawa da ita ma ya iya cewa shi ake nufi. Wasu za su kira wannan wayo. Mu mun fi ganinsa a matsayin sanin sana'a: ya san tagulla ta fi shugaba tsawon rai, bai yarda ya ɗaure mai tsawon rai a ƙafar mai gajeren kwana ba.

To amma yabon ya tsaya nan, domin aikin yana da rauni, kuma masoyansa sun cika yi masa kara.

Hannun dama ya fi na hagu nesa ba kusa ba. Matar nan mai kururuwa, an rage ta har ta kusa zama baki da mayafi kawai, kuma duk wanda ya taɓa shiga gidan rasuwa ya san ta. Uwar da ke kan gawa ma haka. A wannan ɓangaren layukan suna karyewa, gwiwoyi da guiwar hannu suna da kaifi, tagullar kamar tana motsi. Da an tsallake sojan sai hannun masassaƙin ya yi sanyi. Manoman da ma'aikacin ba mutane ba ne, taken gwamnati ne aka ba su jiki, irin waɗanda ake gani a bangon ma'aikatu daga Masko har Alƙahira a wancan zamani. Ana iya cewa da gangan ne, tashin hankali ya wuce an shiga natsuwa. Ba mu gamsu ba. Jawad ya san zalunci domin ya gan shi a titi, wadatar da aka yi alkawari kuwa bai gan ta ba, kuma hannunsa bai iya yi masa ƙarya ba. Marubutanmu ma suna da irin wannan ciwo: babin wahala ya fito da rai, babin ƙarshe da aka daidaita kowa ya zama rahoto.

Rauni na biyu ya fi nauyi, shi ne sojan. An hana shugaba gurbi, amma an ba kakinsa gurbi mafi girma. Duk jerin ya taru ne a kansa: mai tuta ya yi tafiya, uwa ta yi kuka, fursuna ya jure, amma wanda ya ɓalle ƙarfen mai takalmin soja ne. A 1959 wannan gaskiyar tarihi ce, hafsoshi ne suka yi juyin. Sai dai abin da aka zuba a tagulla yakan tashi daga labarin abin da ya faru ya koma koyarwar yadda abu ke faruwa. Iraƙi ta ga juyi biyu a 1963, ta ga wani a 1968, kowane da sanarwar cewa soja ya zo ya ɓalle ƙarfe. Mu da muka sha jin kiɗan bariki a rediyo da asuba tun daga Janairun 1966 ba ma buƙatar a fassara mana wannan hoto. Akwai masu kare shi da cewa hannun fursunan ma yana tura ƙarfen, kuma sojan ɗan talakawa ne. Haka ne. Amma mai wucewa a mota ba ya ganin hannun fursuna, ƙirjin sojan yake gani.

Wannan ya kawo ƙorafi na uku, ƙarami. Allon ya yi sama da yawa, dandalin kuma mahaɗar motoci ce. Aikin da aka tsara a karanta shi harafi-harafi, yawancin mutane kallo ɗaya suke yi masa daga nesa. Yaron nan ƙarami, wanda shi kaɗai ne aka yi shi cikakke ya rabu da bango, sai an nuna wa mutum kafin ya lura da shi.

Aikin ya ci mai shi. A Florence matsin lokaci da na siyasa sun taru sun kwantar da shi, har aka kai shi asibiti. Ya tashi ya gama, aka kawo tagullar Bagadaza, aka fara ɗorawa. Ranar 23 ga Janairun 1961 zuciyarsa ta buga, bai wuce shekara 42 ba. Lorna da Gani Hikmat da Chadirji suka ƙarasa, aka buɗe a Yulin wannan shekarar. Littafin da Jabra ya rubuta a kansa a 1974 shi ne har yanzu madogarar masu nazarin allon.

Saura maganar malanta, wadda a wajenmu ita ce ta fi wuyar yanke hukunci. Jawad ya riƙe sashen sassaƙa na cibiyar kusan shekara 20, tun ana ƙirga ɗalibai da yatsu, a ƙasar da iyaye ba su ɗauki wannan a matsayin sana'a ba. Hanyar auna malami ita ce a dubi abin da ya fito daga ajinsa, kuma kusan duk wani babban abin tunawa da ke Bagadaza a yau daga wannan aji ya fito. Khalid al-Rahhal ɗalibinsa ne, Gani Hikmat ɗalibinsa ne, Isma'il Fattah ɗalibinsa ne. Duka ukun sun bi sawunsa zuwa Italiya, duka ukun sun dawo da darasinsa na neman siffa daga gado. Babu ɗaya cikinsu da ya kwaikwayi hannunsa, wannan kuwa shaida ce mai kyau ga malami.

Gani Hikmat ya ɗauki tatsuniya. Shi ya yi Kahramana tana tsiyaya a tuluna arba'in na ɓarayin Ali Baba, shi ya yi Shahrazada tsaye tana ba Sarki Shahriyar labari a titin Abu Nuwas, bakin Dijla. Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya za su ji kamar sun je gida. Ayyuka ne masu daɗin kallo, ko da yake wani lokaci daɗin ya yi yawa har ya koma kayan 'yan yawon buɗe ido. Isma'il Fattah ya yi abin tunawa da shahidai a 1983: ƙubba mai shuɗin tangaran, tsayinta mita 40, an tsaga ta biyu an gocar da rabi daga rabi. Babu siffar mutum ko ɗaya. A ra'ayinmu shi ne ya fi kowa fahimtar malamin, har ya wuce shi a wani fanni, domin ya nuna za a iya faɗin rashi da ƙubbar masallaci kawai.

Sai kuma Takubban Ƙadisiyya, waɗanda aka buɗe a 1989 bayan yaƙin Iraƙi da Iran. Manyan hannuwa ne suka fito daga ƙasa riƙe da takubba da suka gitta a sama, an kwaikwayi hannun Saddam kansa aka zuba su a wata maƙera a Ingila, a gindinsu kuma an zube hulunan ƙarfe na sojojin Iran da aka kwaso a fagen fama. Saddam ne ya kawo tunanin. Khalid al-Rahhal ya fara aikin, ya rasu a 1987, Gani Hikmat ya ƙarasa, wato mutumin da ya taya Jawad aiki a Florence lokacin da ake ƙin sa fuskar Ƙasim. Kanan Makiya ya rubuta littafi guda a kan waɗannan takubba a 1991, da sunan aro saboda tsoro.

Ba za mu ɗora wa Jawad laifin abin da aka yi shekara 28 bayan mutuwarsa ba, ba za mu kuma yi saurin zagin ɗaliban ba. Ƙasim ana iya ce masa a'a a kwana a gida, Saddam ba haka yake ba. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Harshen da Jawad ya koyar, na Babila da Assur da Abbasiyawa, shi ne harshen da Saddam ya fi ƙauna. Da shi ya sake gina Babila da tubala masu ɗauke da sunansa, da shi ya kira yaƙinsa Ƙadisiyya. Neman ilhama daga gado bai zo da wani makari a cikinsa ba. Sarakunan Assur ma don su tsorata baƙo suka sa aka sassaƙa bangonsu, kuma wanda ya gaji hannun masassaƙansu ya gaji har da wannan. Abin da ya raba allon Tahrir da takubban ba gado ba ne, ba ƙwarewa ba ce, kalmar a'a ce guda ɗaya, ita kuwa ba a manhajar cibiyar take ba. Gani Hikmat, don a yi masa adalci, ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana bin sawun ayyukan fasaha da aka wawashe daga gidan tarihin zamani a 2003, har ya rasu a Amman a 2011.

A Oktoban 2019 matasan Iraƙi suka mamaye Dandalin Tahrir suna neman aiki da wutar lantarki da ƙarshen sata. Sun kafa tantuna a ƙarƙashin allon, sun haye wani dogon bene da ake kira gidan abincin Turkiyya suna kallon gadar, 'yan keke-napep suna kwasar waɗanda aka harba. Ɗaruruwa sun mutu a faɗin ƙasar cikin 'yan watanni, akasari a hannun jami'an tsaro da 'yan bindigar da ke tare da su. A bangon hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke dandalin matasan sun yi ta zane, wasu suna sake zana siffofin Jawad da nasu hannun. A hotunan da suka yi ta yawo a intanet a waɗannan watanni, allon yana sama cikin hayaƙi mai sa hawaye, sojan tagulla yana ɓalle ƙarfensa a tsakiya, a ƙasa kuma iyaye mata cikin baƙar abaya suna riƙe da hotunan 'ya'yansu.